Amfani da Intanet a Gida da Hanyoyin Kariya daga Masu Damfara

1.0 Gabatarwa

Intanet ta samo asali ne daga wata hanyar sadarwa mai suna ARPANET, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, ta kuma haɗa kwamfutocin cibiyoyin ilimi guda huɗu a shekarar 1969. A shekarar 1989 wani masani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, ya gabatar da tsarin shafuka masu sarƙe da juna, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da yanar gizo. A Nijeriya harkar ta bunƙasa ne bayan shigowar wayar salula ta GSM a shekarar 2001. Da farko sai mutum ya je shagon intanet ya sayi lokaci na awa ɗaya ko biyu, amma daga baya abin ya shigo har cikin gidaje ta hanyar wayoyin hannu da ƙananan kwamfutoci. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka ɗalibin da zai shiga kwalejin ilimi sai ya taɓa wannan na'ura kafin ya taka ƙofar makaranta.

Wannan babi zai duba haɗarin da mai amfani da kwamfuta a gida yake fuskanta, da matakan da zai bi don ya kare kansa da iyalinsa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sau da yawa ɓarawon intanet ta hanyar magana yake shigowa. Yakan rubuta saƙo mai tsoratarwa ko mai kwaɗaitarwa, sai mai kwamfutar ya buɗe masa ƙofa da hannunsa. Ke nan malamin harshe, wanda aikinsa shi ne koyar da karatu da fahimta, yana da babban rabo a cikin aikin kariyar.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a fayyace wasu kalmomi da za su riƙa fitowa.

Manhaja: jerin umarni ne da aka rubuta wa kwamfuta don ta gudanar da wani aiki, kamar rubutu ko lissafi ko buɗe shafukan intanet.

Burauza: manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Firefox da Edge.

Asusu: gurbin da mutum ya buɗe da sunansa a wani dandali, kamar imel ko Facebook ko manhajar banki.

Kalmar sirri: haruffa da lambobin da mai asusu kaɗai ya sani, waɗanda da su yake buɗe asusunsa.

Mahaɗi: rubutu ko hoton da idan aka latsa shi yakan kai mutum wani shafi dabam.

Kutse: shiga kwamfuta ko asusun wani ba da izininsa ba.

2.0 Ire-iren Haɗarin da Ake Fuskanta

Ana iya kasa haɗarin intanet ga mai amfani da ita a gida zuwa gida huɗu, kodayake sukan cuɗanya da juna.

2.1 Damfara ta Hanyar Saƙo

Wannan ita ce mafi daɗewa, domin ta riga intanet zuwa. Laƙabin "419" da ake yi wa 'yan damfara ya fito ne daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuffuka na Nijeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar wani ta hanyar yaudara. A da ta wasiƙa ake yin ta, daga baya ta koma imel da saƙon waya da WhatsApp. Siffofinta sun haɗa da albishir na cin wata gasa da mutum bai shiga ba, da alkawarin aikin gwamnati idan an biya kuɗin fom, da tallafin bogi, da kuma saka jari mai ribar da ta wuce hankali. Misalin na ƙarshe shi ne tsarin MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a kowane wata, sannan ya rufe asusun mahalarta a Nijeriya a watan Disamba na 2016. Da an tsaya an yi lissafi, da an ga cewa Naira 10,000 da ke haihuwar kashi 30 kowane wata, ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, za ta haura Naira 230,000 cikin shekara guda. Babu halattacciyar sana'a da ke iya ɗaukar irin wannan alkawari. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

2.2 Mugayen Manhajoji

Waɗannan manhajoji ne da aka rubuta don ɓarna, waɗanda aka fi sani da ƙwayoyin cutar kwamfuta ko bairos. Wasu suna lalata fayiloli, wasu suna leƙen abin da mutum yake bugawa don su kwashe kalmomin sirrinsa, wasu kuma suna kulle dukkan bayanan da ke cikin kwamfuta sai an biya kuɗin fansa. A watan Mayu na shekarar 2000 wata ƙwayar cuta da aka sani da ILOVEYOU ta ɓulla daga ƙasar Filifin ta kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Dabararta ita ce ta zo a matsayin wasiƙar soyayya a cikin imel. Duk wanda ya buɗe ta, sai ta aika kanta ga dukkan mutanen da ke cikin jerin adireshinsa, su kuma su buɗe saboda sun ga sunan wanda suka sani. A nan za a ga cewa kalmomi uku ne kawai suka yi wa ƙwayar cutar jagora.

2.3 Satar Asusu da Sojan Gona

A nan ɓarawo yakan ƙwace asusun mutum, sannan ya riƙa magana da 'yan'uwa da abokansa da sunansa. Hanyar da ta yaɗu ita ce ta WhatsApp. Wani zai kira ya ce shi ne mai kula da wani zaure na tsofaffin ɗalibai ko na ma'aikata, ya ce an shirya taro ta intanet, kuma an turo wata lamba mai alƙaluma shida da ake buƙata don a sa sunan mutum. Alhali lambar nan ita ce mabuɗin da kamfanin WhatsApp yake turowa idan ana son mayar da asusu kan wata sabuwar waya. Da zarar an karanta masa ita, asusun ya koma hannunsa, sai ya shiga neman rance daga duk wanda ya gani a ciki. Wannan ita ce zamba cikin aminci, domin amincin da ke tsakanin mutane shi ne jarin ɓarawon.

2.4 Jita-jita da Labaran Ƙarya

Wani haɗarin bai shafi aljihu ba, lafiya da zaman lafiya ya shafa. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta wayoyi da shafukan sada zumunta cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna hana kamuwa da cutar. Cikin dare ɗaya labarin ya zagaye ƙasa, 'yan'uwa suna tashin juna daga barci. Jaridu sun ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu, da kwantar da wasu a asibiti saboda yawan gishirin da suka sha. Yawancin waɗanda suka yaɗa saƙon da kyakkyawar niyya suka yi. Saboda irin wannan matsala ne kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a shekarar 2019.

3.0 Harshen Ɗan Damfara

Idan aka lura da misalan da suka gabata za a ga cewa kowannensu saƙo ne da aka tsara don ya sa mai karatu ya aikata wani abu kafin ya yi tunani. Don haka ana iya nazarin irin wannan saƙo kamar yadda ake nazarin kowane matani a aji. Ga misali da aka ƙirƙira don wannan darasi:

"Ya mai girma abokin hulɗarmu, muna sanar da kai cewa an dakatar da lambarka ta BVN saboda rashin sabuntawa. Za a rufe asusunka nan da awa biyu. Latsa wannan mahaɗi ka shigar da lambar katinka da lambar sirri don kauce wa asarar kuɗinka. Kada ka sanar da kowa saboda dalilan tsaro."

Akwai dabarun harshe guda biyar a cikin wannan ɗan gajeren saƙo.

Na farko, aron murya. Marubucin ya yi amfani da lamirin jam'i, "muna sanar da kai", da kalmomin ofis irin su "dakatar" da "sabuntawa", don ya yi kama da hukuma. Amma bai ambaci sunan mai asusun ba, domin saƙo ɗaya ne ya tura wa dubban mutane.

Na biyu, tsoratarwa. Kalmomin "rufe" da "asara" an zaɓe su ne don su tayar da hankali. A wasu saƙonnin kwaɗaitarwa ce take maye gurbin tsoratarwa, sai a ga kalmomi irin su "kyauta" da "tallafi" da "ka yi nasara".

Na uku, ƙayyade lokaci. "Nan da awa biyu" yana hana mai karatu zuwa banki ko tambayar wani. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Na huɗu, umarni kai tsaye. Aikatau na umarni, "latsa" da "shigar", su ne zuciyar saƙon. Duk sauran jimlolin share fage ne gare su. Don haka hanya mafi sauƙi ta gane manufar saƙo ita ce a nemi aikatau na umarni a ga abin da yake nema a yi.

Na biyar, neman sirri. "Kada ka sanar da kowa" yana raba mutum da masu ba shi shawara, alhali matambayi ba ya ɓata.

Wajibi ne a san cewa lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a shekarar 2014, ba ta da wa'adin ƙarewa. Haka kuma banki ba ya neman lambar sirrin katin mutum, ko lambar nan ta amfani sau ɗaya da ake kira OTP, ta waya ko ta saƙo. Duk wanda ya nemi ɗayansu ya tona asirin kansa.

A shekarun baya ana shawartar mutane su lura da kurakuran nahawu da na rubutu a matsayin alamar saƙon bogi. Wannan alama ta yi rauni. Tun a watan Disamba na 2013 manhajar fassara ta Google ta fara aiki da Hausa, sannan daga ƙarshen 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya rubutu suka shiga hannun kowa. Yanzu wanda bai taɓa jin Hausa ba yana iya tura saƙo da ita, kuma ana iya kwaikwayon muryar mutum ko fuskarsa a bidiyo. Bisa ga haka, kyawun rubutu ba ya zama shaidar gaskiya. Abin dubawa shi ne buƙatar da saƙon ya ƙunsa. Idan kuɗi yake nema, ko lambar sirri, ko a latsa wani abu cikin gaggawa, to sai a dakata a tabbatar ta wata hanya dabam, wato a kira mutumin ta lambar da aka daɗe da saninta, ko a taka zuwa reshen banki.

4.0 Matakan Kariya

Rigakafi ya fi magani. Matakan da ke tafe ba sa buƙatar ƙwarewa ta musamman, kuma yawancinsu ba sa cin ko kwabo.

4.1 Kalmar Sirri

Ƙarfin kalmar sirri yana ga yawan zato da mai kutse zai yi kafin ya dace da ita. Lambar sirri mai alƙaluma huɗu tana da fuskoki 10,000 kacal, shi ya sa na'urar cirar kuɗi take hana ci gaba bayan 'yan kurakurai. Kalma mai ƙananan haruffan boko guda takwas tana da fuskoki kimanin biliyan 209, adadin da kwamfutar zamani take iya gwadawa cikin ɗan lokaci idan ta samu kundin da aka sato. Kowane harafi da aka ƙara yana ninka adadin sau 26. Wannan ne ya sa hukumar ƙayyade ma'aunai ta Amurka, wato NIST, a cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2017, ta fifita tsawon kalmar sirri a kan cusa mata alamomi masu wuyar tunawa.

Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da wata alaƙa, kamar "tukunya gajimare alura kunkuru rariya", a sa lamba ko alama a tsakaninsu. Idan aka zaɓi kalmomi biyar bisa ƙuri'a daga jerin kalmomi 2,000, fuskokin za su kai tiriliyan 32,000. Sai dai akwai sharuɗɗa. Kada a ɗauki sanannen karin magana ko baitin waƙa, domin abin da jama'a suka haddace ana iya zatonsa. Kada a yi amfani da sunan ɗa ko na mata, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya. Haka kuma gara a guji haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, saboda ba kowane allon bugu ne yake da su ba, kada mutum ya kulle kansa a waje ranar da ya ari wata na'ura.

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne kowane asusu ya samu tasa kalmar. A shekarar 2017 kamfanin Yahoo ya bayyana cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa guda biliyan uku. Idan irin wannan ta faru, ɓarayi sukan ɗauki imel da kalmar sirrin da suka samu su gwada su a sauran dandamali. Mai mabuɗi ɗaya ga dukkan ɗakunansa, ranar da ya yar da shi gidan gaba ɗaya ya buɗe. Wanda ba zai iya haddace kalmomi da yawa ba yana iya amfani da manhajar ajiye kalmomin sirri, ko ya rubuta su a littafi ya kulle a akwati, nesa da kwamfutar.

4.2 Tabbatarwa Mai Mataki Biyu

Wannan tsari ne da ke sa asusu ya nemi shaida ta biyu bayan kalmar sirri, kamar wata lamba da za a turo wa wayar mai asusun. Gmail da Facebook da WhatsApp duk suna da shi a cikin saitinsu. A WhatsApp mutum yakan zaɓi lambar sirri mai alƙaluma shida da shi kaɗai ya sani, ta yadda ko an yaudare shi ya ba da lambar da aka turo, ɓarawon zai tarar da wata ƙofa a kulle. Har ila yau yana da kyau a sa wa layin waya lambar sirri, domin wanda ya tsinci waya yana iya cire layin ya sa a tasa wayar, ya shiga asusun banki ta gajerun lambobin da ake latsawa.

4.3 Karanta Adireshin Shafi

Adireshin shafi yana da tsari, kamar yadda jimla take da shi. Ɓangaren da ke nuna mai shafin shi ne wanda yake dab da layin karkace na farko, ko ƙarshen adireshin idan babu layin. Alal misali, jamb.gov.ng adireshin hukumar JAMB ne. Amma idan aka ga jamb.gov.ng.rajista-kyauta.com, to mai shafin shi ne wanda ya mallaki rajista-kyauta.com, sunan hukumar ado ne kawai aka liƙa a gaba. Shafukan hukumomin gwamnatin Nijeriya sukan ƙare da .gov.ng, na manyan makarantu kuma da .edu.ng. A kuma lura da sauya harafi, kamar sa alƙalamin 0 a gurbin harafin o. Haruffan https da ke farkon adireshi suna nuna cewa an suturta bayanan da ke tafiya tsakanin kwamfuta da shafin, amma ba sa nuna cewa mai shafin mutumin kirki ne, domin 'yan damfara ma suna amfani da su. Idan shafin banki ko na makaranta ake nema, an fi samun kwanciyar hankali a buga adireshin da hannu a kan a bi mahaɗin da wani ya turo.

4.4 Sabunta Manhajoji

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kowace manhaja tana da tsaga, kuma kamfanoni sukan turo gyara idan sun gano ta. A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta tsayar da ayyuka a asibitocin gwamnati da dama a Birtaniya, tana neman Dala 300 a kan kowace kwamfuta. Abin lura shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan tsaga tun a watan Maris na shekarar, waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu kuma sun tsira. Mutane da yawa sukan kashe sabuntawa don tattalin data, amma araha ba ta ado.

Dangane da haka, mai sayen kwamfuta ta hannu ya duba irin Windows da ke kanta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, sannan wa'adin tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sababbin Windows suna zuwa da manhajar kariya mai suna Microsoft Defender, wadda ta wadatar ga amfanin gida idan an bar ta a kunne. Haka kuma a guji manhajojin sata da ake saukewa kyauta ko ake kwafa a kasuwa, domin ta cikinsu ake yawan cusa ƙwayoyin cuta.

4.5 Ajiyar Ko-ta-kwana

Kwamfuta takan lalace, ana sace ta, wutar lantarki mai hawa da sauka takan ƙona ta. Ɗalibin da kundin bincikensa na kammala karatu yake wuri ɗaya tak yana cikin haɗari ko da babu ɗan kutse. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a mallaki kwafi uku na kowane muhimmin fayil, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wajen gidan. Alal misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash, ɗaya a imel ko Google Drive. A riƙa cire filash ɗin bayan an gama kwafa, domin manhajar garkuwa takan kulle duk abin da ta tarar a jone.

4.6 Kwamfutar Haɗaka

A gidaje da yawa kwamfuta ɗaya ce maigida da uwargida da yara suke amfani da ita. Ya kamata kowa ya samu gurbinsa na shiga, ikon saka sabuwar manhaja kuma ya tsaya a hannun babba. Wanda ya yi aiki a shagon intanet ko wurin buga takardu ya tabbatar ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, domin rufe burauza kaɗai ba ya fitar da mutum. Kada ya amsa tayin burauza na ajiye kalmar sirri a kwamfutar da ba tasa ba, kada kuma ya bar hoton katinsa na NIN ko takardun makarantarsa a cikinta. Filash da ya zagaya shaguna a bincike shi da manhajar kariya kafin a buɗe shi a gida. Na'urar Wi-Fi ta gida ma a sauya mata kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani.

4.7 Kula da Yara

Facebook da TikTok da Instagram sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, amma yara sukan ƙara wa kansu shekaru. Ya fi dacewa a ajiye kwamfuta a falo ko wani wuri da ake wucewa, a kuma ƙayyade lokacin amfani da ita. A koya wa yaro kada ya ba baƙo sunan makarantarsa ko kwatancen gidansu ko hotonsa, a kuma fahimtar da shi cewa abin da aka ɗora a intanet kamar magana ne, zarar bunu ce, ba ta komawa. Wani abu da iyaye sukan manta shi ne, yaron da ya san duka zai sha idan ya faɗi abin da ya same shi, ɓoyewa zai yi. Masu yi wa yara barazana da hotuna da wannan tsoron suke cin kasuwarsu. Saboda haka sai a nuna wa yaro cewa kawo ƙara ba laifi ba ne.

5.0 Abin Yi Idan Ɓarna ta Auku

Idan mutum ya gane an yaudare shi, mintunan farko su ne mafi tsada. Da farko ya toshe katinsa da asusunsa. Yawancin bankuna suna da gajeriyar lamba ta yin haka daga kowace waya, don haka ya kamata a neme ta a rubuta tun kafin buƙata ta taso. Na biyu, ya sauya kalmomin sirri, ya fara da na imel, domin ta imel ake dawo da sauran asusun. Na uku, ya sanar da 'yan'uwa da abokai kada su tura wa kowa kuɗi da sunansa. Na huɗu, ya adana shaida, wato saƙonni da lambobin waya da rasit, ya kai ƙara banki a rubuce. Idan bankin bai warware ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa a Babban Bankin Nijeriya.

Doka ma ta tanadi hukunci. An kafa hukumar EFCC a 2003, an yi dokar laifuffukan intanet a 2015 aka kuma yi mata gyara a 2024, sannan an yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. Rundunar 'yan sandan Nijeriya tana da cibiya ta musamman a Abuja mai kula da laifuffukan intanet. Ƙorafi a kan kamfanonin waya kuwa ana kai shi ga hukumar NCC ta lamba 622. A Jamhuriyar Nijar ma an yi dokar yaƙi da laifuffukan intanet a 2019. Kunya takan hana mutane da yawa kai ƙara, musamman masu ilimi da masu shekaru, shirun nasu kuma shi yake ba ɓarawo damar komawa kan na gaba.

6.0 Rawar da Malami Zai Taka

A ƙauyuka da unguwanni da yawa malamin makaranta shi ne wanda ake kawo wa saƙo ya karanta ya fassara, shi ake tambaya ko tallafin da aka ji labari gaskiya ne. Kuskurensa yakan shafi mutane da yawa, haka ma faɗakarwarsa. A cikin aji kuwa, malamin Hausa yana iya shigar da wannan batu cikin darussan da ya saba koyarwa ba tare da jiran ɗakin kwamfuta ba. A darasin auna fahimta yana iya rubuta saƙon bogi a allo, ɗalibai su fitar da mai magana da wanda ake yi wa magana da abin da ake nema. A darasin nahawu su ja layi a ƙarƙashin aikatau na umarni. A darasin insha'i su rubuta wasiƙar ƙorafi zuwa ga manajan banki. A darasin adabin baka kuma su kwatanta dabarun Gizo a tatsuniya da na ɗan damfara, domin dukkansu da daɗin baki suke cin abincinsu, kuma kwaɗayin wanda suka tarar shi yake ba su sa'a. Bugu da ƙari, malami yana riƙe da amanar bayanan ɗalibai, kamar sakamakon jarrabawa da hotuna da lambobin iyaye, bai kamata ya watsa su a zaurukan sada zumunta ba tare da izini ba.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an kawo taƙaitaccen tarihin intanet, an bayyana ire-iren haɗarin da mai amfani da ita a gida yake fuskanta, an kuma nazarci dabarun harshe guda biyar da 'yan damfara suke amfani da su. Daga nan aka jero matakan kariya da abin yi idan ɓarna ta auku. Na'urori da manhajoji za su ci gaba da sauyawa, wasu sunayen da aka ambata a nan ma za su tsufa, amma tsoratarwa da kwaɗaitarwa da gaggautawa sun daɗe a hannun mayaudara tun kafin a ƙera kwamfuta. Ɗalibin da aka koya wa ya tsaya ya tambayi kansa wane ne ya turo saƙo, me yake so a yi, don me kuma yake gaggawa, ya samu kariyar da za ta yi masa aiki a kan kowace na'ura. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. A kawo ire-iren haɗarin intanet guda huɗu tare da misali ɗaya ga kowanne.
2. A nemo wani saƙon damfara da aka taɓa gani a waya, a fitar da dabarun harshe da ke cikinsa.
3. Me ya sa kurakuran rubutu suka daina zama tabbatacciyar alamar saƙon bogi?
4. A bayyana yadda ake gane mai shafi daga adireshinsa.
5. Wane darasi ake koya daga abin da ya faru a watan Mayu na 2017 dangane da sabunta manhajoji?
6. A tsara darasin auna fahimta na minti 40 ga ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare a kan gane saƙon damfara.